Tambayoyi da Amsoshi: Riƙe Rajistar Kwamfutocin Kamfani Daidai Lokacin Sallamar Tsofaffi

Tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ofisoshi a Kaduna ke ta sauya kwamfutoci, domin tsofaffi da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Sayen sabuwa kowa ya iya: akwai inbois, akwai rasit, akwai wanda ya sa hannu ya karɓa. Wajen fitar da tsohuwa ne takardu ke tsinkewa. Ga tambayoyin da masu kula da sito, akantoci da ma'aikatan sashen kwamfuta suka fi yi a kan wannan.

Mece ce rajistar kadarorin kwamfuta, kuma me ya kamata a samu a cikinta?

Littafi ne, na takarda ko na cikin kwamfuta, wanda kowace na'urar kamfani ke da layinta guda a ciki. A layin za a ga lambar da kamfani ya ba ta, lambar siriyal da ta zo da ita daga masana'anta, irinta, ranar da aka saye ta da kuɗin da aka biya, sunan wanda take hannunsa, ofishin da take, da halin da take ciki a yau.

Akwai gurbi ɗaya da kusan kowa ke tsallakewa, alhali shi ya fi amfani ranar sallama: lambar siriyal ta rumbun ajiyar bayanan da ke cikinta. Rumbun yana da tasa lambar, daban da ta gangar jikin kwamfutar, kuma sirrin kamfani a cikinsa yake kwance. Idan ba ku rubuta ta tun ranar saye ba, ku rubuta ta ranar da aka karɓo kwamfutar daga hannun ma'aikaci, kafin ta shiga sito.

Kwamfutar ta mutu, ko tashi ba ta yi. Me zai hana mu goge layinta kawai?

Kada ku goge. Wannan ita ce shawarar da na fi so kowa ya riƙe a duk wannan shafin. Mai kanti ba ya yage shafin wanda ya biya bashi. Layi yake ja a kai ya rubuta ranar da aka biya, saboda ranar da gardama za ta taso. Layin kwamfuta ma haka: a sauya matsayinta, a sa kwanan wata, a rubuta inda ta je da wanda ya ba da izini, amma layin ya zauna.

Idan kun goge, kun shafe hujja ɗaya tilo da ke nuna cewa ta fita ta hanyar da ta dace. Bayan shekara biyu odita zai ɗauko inbois na laftof talatin, ya ƙirga ashirin da shida a rajista, ya ce ina huɗu. Babu wanda zai iya bambance wadda ta mutu da wadda aka sace, kuma a irin wannan hali mai sito ko ƙaramin ma'aikacin sashen kwamfuta ake shafa wa kashin kaji, ko da bai ci nanin ba.

Kada kuma ku ɗauki lambar matacciya ku maƙala wa sabuwa. Lamba ɗaya, na'ura ɗaya, har abada.

Waɗanne matsayi ya kamata kwamfuta ta bi kafin a ce ta fita?

A rajistoci da yawa matsayi biyu kawai ake gani: tana aiki, ko an jefar. Tsakanin waɗannan biyun akwai makonni, wani lokaci shekaru, kuma a nan kaya suke ɓata.

Duk wanda ya yi aiki a ofis ya san ɗakin. Yana can bayan sashen mulki, kusa da inda ake ajiye tsofaffin fayiloli. Laftof shida an jibga su a kan kwali, ƙurar hunturu ta rufe ta sama har kana iya rubuta sunanka da yatsa. Wani ya taɓa manna musu farin tef ya rubuta sunayen masu su da biro, yanzu rubutun ya koɗe. Cajoji sun cukurkuɗe cikin jakar Gana-mas-go. Ɗaya batirinta ya kumbura saboda zafin watan Afrilu har ya ɗaga madannai. Mabuɗin ɗakin yana rataye inda direba, masinja da mai shara duk sun sani. A rajista kuwa, ko dai har yanzu suna kan sunan mutanen da suka bar aiki, ko an rubuta an jefar da su alhali ga su zaune da albashin ma'aikata a cikinsu.

Don haka a rarraba matsayin: an karɓo tana sito, an kwafe bayanan da ake buƙata, an goge ko an cire rumbu, shugabanci ya amince a fitar, ta fita, da bayanin ta wace hanya, sayarwa, kyauta, gwangwan ko mayar wa mai haya. Kowane sauyi da ranarsa da sunan wanda ya yi shi. Ku sa wa kanku wa'adi tsakanin karɓowa da gogewa, mako biyu misali, domin kwamfutar da ba a goge ba kuma babu mai amfani da ita ta fi kowace haɗari a ginin.

Sitikar kamfani ta ɓare, kuma rubutun ƙasan laftof ɗin ya goge. Yaya za mu gane ta?

In tana tashi, lambar siriyal tana cikin BIOS, shafin da ake shiga kafin Windows ta buɗe. In ba ta tashi, a duba ƙarƙashin batir ko cikin murfin ƙasa, masana'antu da yawa suna sa wata sitikar a can. Kwamfutocin Dell suna da gajeriyar lamba mai haruffa da alƙaluma bakwai, wadda idan aka sa ta a shafin kamfanin zai nuna irin na'urar da lokacin garantinta.

A kula da sifili da harafin O, da 1 da I, da 8 da B. Kuskuren kwafe lamba da hannu yana cikin manyan dalilan da ke sa na'ura ɗaya ta bayyana sau biyu a rajista. A ɗauki hoton sitikar da waya a haɗa da layinta. Wani abin lura: idan an taɓa canza wa kwamfuta babban bod, wato allon da duk sassanta ke jone a kai, wajen gyara, lambar da ke cikin BIOS tana iya saɓa wa ta jikin murfi. A rubuta duka biyun.

Mun yi mata fomat. Bai wadatar ba?

Ya danganta da irin fomat ɗin da irin rumbun. Fomat na gaggawa, wanda ake gamawa cikin daƙiƙoƙi, jadawalin da ke nuna inda fayiloli suke kawai yake sharewa. Fayilolin kansu suna nan. Manhajoji na kyauta irin su Recuva da PhotoRec suna iya dawo da su, kuma duk yaron da ya koyi gyaran kwamfuta ya san wannan.

Tsohon rumbu mai faifai da ke juyawa, wato HDD, maganinsa a rubuta wani abu a kan kowane gurbi nasa daga farko zuwa ƙarshe, sannan a duba a tabbatar an yi. Zagaye ɗaya cikakke ya wadatar ga rumbunan zamani, sai dai yana cin awoyi, don haka a tanadi wuta mai ɗorewa, kada a fara da rana a dogara da layin da zai iya ɗaukewa a tsakiya. Idan aikin ya katse, a sake daga farko, kada a rubuta an gama.

Sabon rumbu marar faifai, wato SSD, halinsa daban. Yana rarraba rubutu a gurabe dabam-dabam don kada wani sashe ya gaji da wuri, kuma yana da wani sashe na ajiya da Windows ba ta gani. Saboda haka rubutu a kai ba ya kai wa ko'ina. Hanyar da ta dace ita ce umarnin gogewa da masana'anta suka gina a cikin rumbun, wanda ake samu a BIOS na kwamfutoci da yawa ko a manhajar kamfanin da ya ƙera shi. Idan tun ranar farko an kulle rumbun da BitLocker, wato tsarin Windows da ke rikiɗa bayanai yadda sai da mabuɗi ake karanta su, aikin ya fi sauƙi, domin da zarar mabuɗin ya lalace abin da ke ciki ba ya karantuwa.

Wadda ba ta tashi kuwa, a kwance ta a cire rumbun. Mutuwar sikirin ko bod ba ta taɓa bayanan da ke ciki. Ana iya zare rumbun a jona shi a wata kwamfutar cikin minti biyar. HDD a huda shi da dirila a wurare da dama ta kan faifan. SSD sai an farfasa ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin da ke kan allonsa ɗaya bayan ɗaya, domin huda ɗaya na iya wucewa ta gefe, kuma maganaɗisu ba ya yi masa komai. Wasu laftof, kamar sabbin MacBook, ajiyarsu a manne take da bod, don haka bod ɗin ne rumbun.

Hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, tana da jagora mai lamba 800-88 da aka fi komawa gare shi a duniya kan wannan aiki. Ya kasa shi mataki uku: sharewar da ke hana dawo da bayanai da manhajojin yau da kullum, wadda ke hana dawo da su ko a ɗakin gwaje-gwaje, da lalata rumbun kwata-kwata. Kwamfutar teburin karɓar baƙi ba ta buƙatar abin da kwamfutar akanta ko ta ɗakin gwajin jini ke buƙata. Ku zaɓi matakin gwargwadon abin da ta taɓa ɗauka, ku rubuta wanda kuka zaɓa.

Me za a rubuta a takardar shaidar gogewa?

Lambar kadara, siriyal na kwamfuta, siriyal na rumbu, hanyar da aka bi, sunan manhajar idan an yi amfani da wata, ranar da aka yi, wanda ya yi, da mutum na biyu da ya gani da idonsa. Idan wani kamfani ne ya yi muku, kada ku karɓi takardar da ta ce “an lalata rumbu arba'in” kawai. Ku ce a jero lambobin arba'in ɗin, sannan ku gwada su da naku jerin. In talatin da tara suka dace, kuna da aiki a gabanku, kuma gara ku sani a ranar.

Wannan duk son kammala ne, ko akwai dokar da ta tilasta?

Akwai. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma kafa hukumar NDPC don sa ido. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, dole a sanar da hukumar cikin awa 72 daga lokacin da aka gano. Tarar tana iya kai wa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe bayanai. Ga sauran kuwa naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Makaranta mai zaman kanta, asibiti, kamfanin gine-gine, ƙaramin bankin unguwa, duk suna da lambobin BVN da NIN na mutane, hotunan fasfo, sakamakon gwaji ko jadawalin albashi a wata kwamfuta.

Manya ma sun faɗa wannan rami. A 2016 bankin Morgan Stanley na Amurka ya rufe cibiyoyin ajiyar bayanai biyu, ya damƙa kayan ga kamfanin kwasar kaya da ba shi da ƙwarewa wajen lalata bayanai, bai kuma bi sawu ba. Wasu na'urorin suka ƙare a gwanjon intanet da bayanan abokan ciniki a ciki. A wani aikin sauya na'urori na rassan bankin, da aka zo daidaita rajista sai aka ga saba 42, wato manyan kwamfutocin ajiyar bayanai, babu su. Wata hukuma ta ci bankin tarar dala miliyan 60 a 2020, wata kuma dala miliyan 35 a 2022. Ba kutse aka yi musu ba. Kaya ne suka fita ƙofa ba tare da wani ya bi lambobinsu ba.

Ni dai ko babu tara, ina ganin abin amana ne. Matar da ta ba asibiti sakamakon gwajinta ba ta amince ya je hannun wanda ya sayi tsohuwar laftof a kasuwa ba.

Muna cire RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, ko rumbu daga matacciya mu gyara wata. Yaya za a rubuta?

Wannan dabara ce mai kyau, musamman da tsadar kayan gyara, kuma babu laifi a cikinta idan an rubuta. A layin wadda aka cire wa, a sa abin da aka cire da inda ya koma. A layin wadda aka sa wa, a sa daga inda ya zo. RAM da sikirin da madannai gajeren bayani ya ishe su. Rumbu kuwa dole a goge shi kafin ya shiga wata kwamfutar, a kuma sauya lambarsa a layukan biyu. In ba haka ba, ranar sallama za ku buɗe kwamfuta ku tarar da rumbun da rajista ta ce yana wani wuri, ko ku tarar da gurbin wayam ba wanda ya san dalili.

Jerin akanta da jerin sashen kwamfuta ba sa taɓa dacewa. Wa ke da gaskiya?

Galibi kowa yana da rabinta. Akanta kuɗi yake bi: ya ga inbois ɗaya na laftof ashirin, ya shigar da su layi ɗaya, ya rika rage darajarsu shekara-shekara. Sashen kwamfuta na'ura yake bi, ba ruwansa da farashi. Ranar da uku daga cikin ashirin ɗin suka fita, akanta ba shi da hanyar sanin waɗanne ne, sau da yawa ma babu wanda ya gaya masa.

Gyaran shi ne lambar kadara ɗaya ta bayyana a jerin biyun, kuma kwafin takardar fitarwa ya je teburin akanta a makon da kaya suka fita. A ƙa'idar lissafi ta IAS 16, wadda kamfanonin da ke bin IFRS, tsarin lissafin kuɗi na ƙasa da ƙasa, ke aiki da ita, ana cire kadara daga littafi ne idan an rabu da ita ko kuma ba a sa ran sake amfana da ita, a kuma rubuta riba ko asarar da aka yi. Kwamfutar da darajarta ta kai sifili a littafi amma tana kan tebur ana aiki da ita, kadarar kamfani ce har yanzu, kuma tana nan a rajista. Mutane da yawa suna ɗauka sifili na nufin ta zama ta wanda ya fara ɗauka. Kuɗin sayarwa kuma, ko naira dubu goma ne, a biya shi asusun kamfani da rasit, domin yana da tasiri a lissafin haraji. Idan kuna da inshorar kayan ofis, ku aika wa kamfanin sabon jeri, kada ku ci gaba da biya wa kayan da suka daɗe da barin ginin.

Ban da rajista, ina kuma sunan kwamfutar ke maƙale?

Wurare da yawa, kuma jerin da za a bi wajen cirewa yana da muhimmanci. Idan kamfaninku yana amfani da Active Directory, ko Entra ID da Intune, wato manhajojin Microsoft na kula da asusun ma'aikata da na'urorin kamfani, kwamfutar tana da suna a can. Kada ku yi gaggawar share shi kafin a gama kwafe bayanai, domin mabuɗin ceto na BitLocker, mai alƙaluma 48, sau da yawa tare da sunan na'urar yake a ajiye, kuma idan aka share sunan yana iya tafiya da shi. A kwafe, a goge rumbu, sannan a share suna.

Idan an yi mata rajista a Windows Autopilot, tsarin da ke ɗaure kwamfuta da kamfani tun wajen saita ta, a cire ta daga can, in ba haka ba wanda ya saye ta, da zarar ya jona intanet wajen saitawa, sunan kamfaninku zai gani ana neman ya shiga da imel ɗin ma'aikaci. Kayan Apple suna da nasu kullen da sai an sake su daga asusun da aka ɗaure su da shi. A cire kalmar sirrin BIOS idan akwai.

Sai lasisi. Windows ɗin da ta zo da kwamfuta daga masana'anta tare suke tafiya. Lasisin Microsoft 365 na mutum ne, don haka fitar da na'urar daga asusunsa ake yi. Manhajar riga-kafin ƙwayar cutar kwamfuta da wasu manhajojin lissafi kan ƙirga na'urori ne, kuma in ba a saki gurbin ba za ku ci gaba da biya a sabunta kwangila. Ku tuna wa ma'aikacin ya buɗe WhatsApp a wayarsa ya cire tsohuwar kwamfutar daga jerin na'urorin da aka haɗa, ya kuma sauya kalmomin sirrin da ya bari burauza ta haddace.

Oga ya ce a ba wani ma'aikaci tsohuwar laftof ɗinsa. Sai an yi takarda?

Sai an yi. Umarnin baki ba ya shiga fayil, kuma oga na iya samun sauyin wurin aiki. Babu rashin ladabi a cikin neman sa hannu. Ya danganta da yadda aka nema. Mai sito na iya shiga da fom a hannu ya ce, “Ranka ya daɗe, laftof ɗin da ka ce a bar wa Malam, ga takardarta, a taimaka a sa mana hannu don a rufe layinta.” Shugaba mai hankali zai ji daɗi, domin shi ma takardar ke kare shi.

Ko da mai ita ne zai tafi da ita gida, a goge ta tukuna. Bayanan da ke ciki na kamfani ne da abokan hulɗarsa, kuma a gida yara ne za su riƙa kallon bidiyo da ita. Idan sayarwa ake yi wa ma'aikata, a tsayar da farashi da ƙa'idar wanda ya cancanta tun kafin a fara, kuma wanda ya yanke hukuncin cewa kwamfuta ta tsufa kada ya zama shi ne mai saye.

Muna so mu ba wata Islamiyya ko makarantar unguwa kyauta.

Madalla. A goge su, a gwada a ga suna tashi, a haɗa da caja, a cire sitikar kamfani bayan an rubuta lambarta. A karɓi wasiƙar makarantar mai hatimi, wadda ta jero lambobin siriyal da sa hannun shugaban makaranta. Tsofaffin da ba za su ɗauki Windows 11 ba suna aiki lafiya da Linux Mint ko Ubuntu, manhajojin da ke maye gurbin Windows, waɗanda kyauta ne kuma ana sabunta su. Roƙona ɗaya: kada a kwashi matattu a kai wa makaranta da sunan sadaka. Sharar ku ce kuka mayar ɗakin ajiyarsu.

Me zai hana mu kira 'yan gwangwan, ko mu kai Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Kaduna, a auna?

Masu wannan sana'a suna yi wa garin nan aiki babba, kuma ƙarfen gangar kwamfutar tebur, wanda babu komai a cikinsa, ba matsala ba ne. Sharaɗi na farko dai: kada rumbu ya bi su. Mai saye ba zai narka abin da zai iya sayarwa da daraja ba, rumbu mai aiki kuwa hannun masu gyara zai koma.

Na biyu shi ne lafiya. Gilashin tsofaffin sikirin masu ƙaton baya yana ɗauke da dalma, haka batiran UPS. Fitilun cikin tsofaffin sikirin masu faɗi na da sinadarin makyuri. Batirin laftof da ya kumbura yana iya kama wuta idan aka huda shi. Ƙona wayoyi don ciro tagulla kuma hayaƙinsa a ƙirjin matasan da ke yi yake ƙarewa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22.3 cikin ɗari ne kawai aka rubuta an tattara an sarrafa yadda ya kamata.

A Najeriya hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, ce ke da ƙa'idojin kayan lantarki, waɗanda aka fitar a 2011 aka sabunta a 2022, akwai kuma ƙungiyar EPRON da ke haɗa masu shigo da kaya da masu tattara shararsu. A Jihar Kaduna akwai hukumar kare muhalli ta KEPA. Duk wanda zai kwashi batira da sikirin daga gare ku, ku nemi shaidar rajistarsa, ku karɓi rasit mai bayanin abin da ya ɗauka.

Laftof ɗin tana reshenmu na Zariya ko Kafanchan. Ko kuma ma'aikaci ya bar aiki da ita, ko an sace.

Daga reshe, a aiko da hoton siriyal kafin a ɗauro ta, a rubuta wanda aka damƙa wa, a sa matsayinta “tana hanya”. Mai karɓa a Kaduna ya gwada lambar kafin ya sa hannu. Idan direban motar haya za a ba, gara a goge ta can tukuna, ko a tabbatar rumbun a kulle yake.

Wadda ma'aikaci ya tafi da ita tana nan a kan sunansa har sai ta dawo ko shugabanci ya yafe a rubuce. Shi ya sa ya kamata fom ɗin sallamar ma'aikaci ya bi ta sashen kwamfuta kafin a biya haƙƙinsa na ƙarshe. Wadda aka sace kuwa, kada a rubuta an sallame ta don a rufe magana. A rubuta an sace, a haɗa da rahoton 'yan sanda, a sauya kalmomin sirri a ranar, a duba ko akwai bayanan mutane a ciki da za su sa a sanar da hukuma.

Firinta da injin fotokwafi fa?

Manyan injinan fotokwafi na ofis da yawa suna da rumbu a ciki da ke riƙe hoton takardun da aka kwafa. Na'urar rarraba intanet tana riƙe kalmomin sirri, na'urar naɗar hotunan kyamarar tsaro tana da rumbu, haka wayoyin kamfani da filashi. Duk abin da ke haddace wani abu, hanyar kwamfuta zai bi.

Excel ya ishe mu, ko sai mun sayi manhaja?

Ga ofis mai na'urori kaɗan Excel ya isa, in dai fayil ɗaya ne, mutum biyu kawai ke iya gyara shi, kuma ana ajiye kwafinsa a wani wuri. Rauninsa shi ne kowa na iya share layi ba a sani ba. Idan kun girma, manhajojin rajistar kadara irin su Snipe-IT da GLPI kyauta ne, kuma suna riƙe tarihin wanda ya sauya me da lokacin da ya yi.

Mu ma'aikatar gwamnati ce. Akwai bambanci?

Akwai. Kayan gwamnati ba a fitar da su da izinin darakta kaɗai. A tarayya, Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 tana da sashe a kan rabuwa da kadarori, kuma bisa tsari kwamitin duba kaya ne ke tantance abin da ya tsufa kafin a yi gwanjo. Jihar Kaduna tana da nata dokar da hukumar kula da sayen kayan gwamnati, KADPPA. Ku bi ta sashen kuɗi da odita na cikin gida tun daga farko. Amma gogewa ba ta jiran kwamiti: ana iya goge rumbu ko a cire shi a kulle yayin da gangar ke jiran ranar gwanjo.

Shekara nawa za mu ajiye takardun?

Dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ta ce a adana bayanan lissafin kuɗi shekara shida. Takardun fitar da kadara su bi wannan a matsayin mafi ƙaranci. Shaidar gogewa kuwa wuri kaɗan take ci, ban ga dalilin jefar da ita ba.

Rajistarmu ta riga ta dagule. Daga ina za mu fara?

Daga ƙidaya, kuma ta fuska biyu. Mutum biyu su bi ofis-ofis, har sito da aljihun tebura, su rubuta duk abin da suka gani, su nemo shi a rajista. Sannan su ɗauki rajista su nemi kowane layi a zahiri. Zagayen farko yana fito da kayan da ba a rubuta ba, na biyu yana fito da sunayen da babu kayansu. A gwada sakamakon da jerin na'urorin da manhajar tsaro ko Active Directory ke gani, domin kwamfutar da aka ce an jefar amma ta hau intanet ɗin ofis jiya tana hannun wani.

Waɗanda ba a gani ba, a rubuta “ba a gani ba a ƙidayar ranar kaza”, a miƙa jerin ga shugabanci su yanke hukunci a rubuce. Kada a ƙirƙiro musu takardar sallama ta baya don littafi ya yi kyau.

Ranar da motar kwasa ta zo, me ya kamata ya faru?

Jerin da aka amince da shi yana hannun mutum biyu, ɗaya daga sashen kwamfuta, ɗaya daga sashen kuɗi ko odita. Ɗaya yana karanta siriyal daga jikin na'ura, ɗaya yana sa alama a takarda, kafin a ɗora ta a mota. Duk abin da ba ya cikin jeri ba ya hawa, ko da an ce ai shi ma ya mutu, a haɗa da shi. Mai karɓa ya sa hannu, a rubuta lambar motar da lokacin fita. Maigadi ya karɓi kwafin takardar fita ya ƙirga kayan a bakin ƙofa. Kafin a tashi aiki a ranar, a buɗe rajista a sauya matsayin kowace ɗaya, a ɗauki hoton takardun a haɗa da layukansu, a kai wa akanta nasa kwafin.